Babi na Shida: Allonka a Wayar Ɗalibi

Duk mai bin darussan da malamai ke sakawa kai tsaye a Facebook ya san wannan hoton. Malami ya buɗe laftof, ya jingina wayarsa da littattafai biyu ko uku, ya karkata kyamara ta kalli allo, ya fara bayani. Abin da ke isa ga mai kallo kuwa sai haƙuri: hasken taga ya cinye rabin allon, wasu layuka suna rawa a kan ragowar, rubutu ba ya karantuwa. Malam yana cewa "ku duba nan", ɗalibi a wani ƙauyen Sule Tankarkar yana ta ƙura ido bai ga nan ɗin ba. Data ta ƙone a ɓangare biyu, karatu bai shiga ba.

Alhali kwamfuta ba ta bukatar a ɗauke ta hoto. Ita ke zana duk abin da ke kan allonta, saboda haka za ta iya kwafe shi tsaf, ta matse shi, ta haɗa da muryarka, ta tura intanet ba tare da ya bi ta kyamara ba. Yadda ake yin haka a kan Linux, da tsohuwar na'ura da sabis mai tangal-tangal, shi ne aikin wannan babi.

Masu bukatar abin a ƙasar Gumel sun fi yadda ake zato yawa. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma Kwalejin Ilimi ta Gumel tana yaye malaman da ke komawa makarantun waɗannan garuruwa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya, amma har yau akwai yaron da ranar jarrabawa ce ranar da ya fara riƙe linzamin kwamfuta. Irin wannan yaro, ganin inda ake dannawa a koma tambayar baya ya fi masa lacca ta awa guda. Ga yaran fatake a kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, masu son koyon ajiye lissafin saye da sayarwa a jadawalin kwamfuta. Ga malaman addini masu son ɗalibi ya riƙa ganin shafin da ake karantawa da wasullansa. A 2020, da korona ta rufe makarantu ta hana taron tafsiri, mutane da yawa sun gwada yaɗa karatu kai tsaye, mafi yawansu kuma da waccan dabara ta jingina waya.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Kazaure da kamfanin Galaxy a Dutse, lokacin da jihohi da yawa ba su ma fara maganar ba. Gine-gine da turakun sadarwa aikin gwamnati ne. Ƙananan dabarun da ke sa malami ɗaya ya ci moriyar laftof ɗaya, waɗannan a hannun mutane suke yawo, kuma su ne suka yi ƙaranci.

Me ya kawo Linux cikin zancen

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake ba Windows 10 kyauta. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa, ciki har da cewa firosesar Intel ta kasance daga zubi na 8 zuwa sama. Yawancin laftof na hannu da ake sarowa daga Kano, irin waɗanda malamin makaranta ke iya saye, sun girmi wannan sharaɗi. Lafiyarsu ƙalau, an dai bar su a baya ne.

Linux ba ta da wannan fifiko. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a 1991, ya sake ta a ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar kwafa da gyarawa da rabawa. Wayar Android da ke aljihunka a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta. A kwamfuta kuwa ana samun ta a zubi daban-daban. Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya fito da ita a 2004, ita ce ta fi shahara. Linux Mint an gina ta ne a kan Ubuntu, fasalinta ya fi kusa da abin da mai Windows ya saba, kuma ita nake ba wa sabon shiga shawara. Na'urar da ram ɗinta bai wuce gigabait 4 ba, a sa mata Mint mai fuskar Xfce, ko Lubuntu.

Kada wani ya ruɗe ka cewa komai zai zo da sauƙi. CorelDraw, wadda shagunan buga katin biki da kalanda ke ci da ita, ba ta da zubin Linux. Wasu firintoci ma sai an yi fama. Wanda abincinsa ke wurin, ya raba faifan kwamfutarsa biyu, ya bar Windows a gefe guda. Kafin ma a kai ga haka, ana iya tayar da Linux daga filas mai gigabait 8 a gwada ta ba tare da an taɓa komai a cikin na'ura ba. Fayil ɗin Mint ya kusa gigabait 3, na Ubuntu 24.04 ya kusa 6. Mutum ɗaya ya sauke, gari guda ya kwafa, ba sata ba ce, lasisin ne ya halatta.

Manhajar, da baƙin allon da ke kora mutane

Manhajar da za ta yi aikin ita ce OBS Studio. Ta fito a 2012, kyauta ce, buɗaɗɗiya ce, kuma da ita manyan masu yaɗa shirye-shirye a YouTube ke aiki. A Ubuntu ko Mint ana samun ta a rumbun manhajoji, ko a buɗe tagar umarni a rubuta sudo apt install obs-studio. Mai son sabon zubi ya ɗauko ta daga Flathub, inda masu ita da kansu ke sakawa.

Tsarinta ba wuya. Akwai fage, wato abin da mai kallo zai gani, akwai kuma abubuwan da kake jerawa a cikin fagen: allonka, makirfo, wataƙila da ƙaramin hoton fuskarka a kusurwa. Fage biyu sun ishi malami, ɗaya na darasi, ɗaya kuma hoto ne kawai mai rubutun "a dakace mu", wanda za ka koma kansa duk lokacin da kake son buɗe wani abu da ba na jama'a ba.

A nan ne da yawa ke tuntuɓe. Mutum ya zaɓi ɗaukar allo, sai ya ga baƙi ƙirin, linzami kaɗai ke yawo ko shi ma babu. Sai ya yanke hukunci cewa Linux ba ta iyawa, ya koma jingina waya. Dalilin kuwa tarihi ne. Linux tana da hanyoyi biyu na zana allo. Tsohuwar, X11, tun 1987 take, kuma a cikinta kowace manhaja na iya leƙa abin da ke tagar kowace manhaja ba tare da neman izini ba. Wannan ya sauƙaƙa ɗaukar allo, ya kuma sauƙaƙa wa manhajar ɓarawo aikinta. Sabuwar, Wayland, wadda aka fara a 2008, ta toshe wannan ƙofa: babu mai ganin allo sai mai kwamfuta ya amince. Ubuntu 22.04 da 24.04 galibi da Wayland suke tashi, Mint kuwa har zubi na 22 tana kan X11.

Rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE a tagar umarni, za ta gaya maka a kan wacce kake. In X11 ce, zaɓi ɗaukar allo mai ɗauke da sunan XSHM. In Wayland ce, zaɓi mai sunan PipeWire, wanda OBS ta samu tun zubi na 27 a 2021. Wata 'yar taga za ta fito ta tambaye ka wane allo ko wace taga ka yarda a gani. Ka zaɓa, hoto ya bayyana. Ni a ganina wannan tambaya alheri ce, kuma zan dawo kanta.

Lissafin da ya fi komai muhimmanci

Jagororin da za ka tarar a intanet yawancinsu an rubuta su ne don masu yaɗa wasannin bidiyo a Amurka da Turai, masu intanet na kebul har ɗaki. Za su ce ka tura kilobit 4,500 zuwa 6,000 a kowace daƙiƙa, hoto 60 a daƙiƙa. Wanda ya bi wannan a Gagarawa da hotsfot ɗin waya, cikin minti biyu zai ga jar alama a ƙasan OBS, hoto ya daskare, masu kallo sun watse.

Ga lissafin, ka riƙe shi. Kowane kilobit 1,000 a daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa guda. Ke nan 6,000 na cin gigabait 2.7 a darasi ɗaya na awa. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai albashin malanta. Sannan ba kuɗin kaɗai ba ne. Sabis ɗin waya an tsara shi ne don saukewa: hanyar shigowa kwalta ce, ta fita burji. Kai kuma mai yaɗawa ta hanyar fita kake bi. Wayarka na iya kunna bidiyon YouTube sumul amma ta kasa tura rabin hakan. Saboda haka auna ƙarfin turawa da Speedtest, a ɗakin da za ka zauna, a daidai lokacin da za ka yi darasin, domin sabis ɗin hantsi daban yake da na bayan isha'i, lokacin da gari duka ya hau intanet. Abin da ka samu, yi aiki da rabinsa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Sa'ar da malami ya yi ita ce allon darasi ba ya motsi kamar wasan ƙwallo. Shafin rubutu na iya zama daƙiƙa talatin babu abin da ya canza sai linzami. Manhajar matse hoto ba ta sake tura abin da bai canza ba, bambancin kawai take turawa, tare da cikakken hoto lokaci-lokaci. Don haka ɗan ƙarfin da kake da shi zai tafi wajen fito da rubutu fes maimakon bin motsi. Saita girman hoto a 1280 da 720, wanda ya yi kusa da 1366 da 768 na yawancin tsofaffin laftof. Rage yawan hoto zuwa 15 a daƙiƙa. Sa kilobit 800 zuwa 1,000 na hoto, 64 na murya, cikakken hoto kuma duk daƙiƙa 2, kamar yadda Facebook da YouTube ke so. Da haka awa guda ba za ta kai megabait 500 ba. YouTube na iya yi maka gargaɗin cewa ƙarfin ya yi ƙasa. In rubutu na karantuwa, ƙyale shi. A cikin saitin OBS na can ciki akwai zaɓin da ke rage ƙarfin turawa da kansa idan sabis ya yi rauni, maimakon hoto ya tsinke. Kunna shi.

Duk wannan ɓangarenka ne. Na mai kallo ya fi shi nauyi, kuma shi ake mantawa. Ɗalibinka ba a laftof yake kallo ba. Wayarsa inci 6 ce ko ƙasa da haka, wataƙila gilashinta a fashe, kuma zai sauke ingancin bidiyon zuwa 360 ko 240 don datarsa ta kai shi ƙarshen darasi. Rubutun da kai kake gani sarai, a wurinsa ya narke. Maganin ba ƙara kilobit ba ne, ƙara girman rubutu ne. Buɗa burauza ko takardar zuwa kashi 150 ko 200, ƙara girman linzami, kada layi ya wuce kalma bakwai ko takwas, baƙin rubutu a kan farin shafi. In da Hausa kake rubutu, Linux na da jerin madannai na Hausar Najeriya a cikin saitinta, mai ƙ da ɗ da ɓ, ba sai ka sauke komai ba.

Zafi, ƙura da murya

Matse hoto aiki ne mai gajiyar da firosesa. OBS na amfani da manhajar matse hoto ta x264, kuma a tsohuwar na'ura ka bar shi a matakin gaggawa na veryfast ko sama da haka. Idan laftof ɗin na da katin hoto na Intel ko AMD, gwada zaɓin VA-API, wanda ke ɗauke nauyin daga firosesa ya ɗora wa katin. Bambancin yana fitowa ne a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a wannan yanki, na'ura ta ɗau zafi ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. A kai wa mai gyara ya busa ta, a daina ɗora laftof a kan katifa ko darduma. Batun wuta kowa ya san shi: ba a fara darasi da dogaro ga wutar layi, sai batir a cike ko sola a kusa, wayar hotsfot kuma tana jone da caji.

Mai kallo na iya jure hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba ya jure muryar da ba ya ji. Makirfon cikin laftof yana kusa da fanka, ƙararta yake fara ɗauka. Iyafis mai makirfo irin na waya ya fi shi nesa ba kusa ba. A cikin OBS ka ɗora wa makirfon matatar rage hayaniya mai suna RNNoise, tana danne ƙarar janareta da ta babura sosai. Kuma kada ka buɗe naka shirin a wata waya da sauti a kusa, muryarka za ta riƙa dawo maka tana maimaita kanta.

Wani abu na musamman ga Maigatari da ƙauyukan bakin iyaka: waya kan tsallaka ta kama sabis ɗin Nijar da kanta. In hakan ta faru tsakiyar darasi, ko data ta yanke ko kuɗi ya zube. Shiga saitin waya ka zaɓi kamfaninka da hannu, ka kashe amfani da data a ƙetare. Iyakar dai tana da amfaninta ga mai darasi: mutanen ƙasar Damagaram Hausar nan suke ji. An rufe iyakar a 2019 har zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, amma karatun da aka yaɗa bai tsaya a shingen kwastan ba.

Mabuɗi da sirri

Facebook ko YouTube za su ba ka wani dogon jerin haruffa da lambobi, mabuɗin yaɗawa, ka liƙa a saitin OBS. Duk wanda ya mallaki wannan mabuɗi zai iya yaɗa abin da ya ga dama da sunanka, don haka ba a tura shi a zauren WhatsApp, ba a buɗe shafinsa ana kan iska. YouTube na neman ka tabbatar da lambar waya, sannan ka jira har awa 24 kafin yaɗawar farko, kada ka bari sai ranar darasi. Facebook kuma tun 2024 ya sa sharaɗin asusu ya kai kwana 60, shafi kuma ya sami mabiya 100. Ka sani akwai jinkirin daƙiƙoƙi tsakanin maganarka da isarta, in ka yi tambaya ka ɗan saurara. Ajin da ke bukatar muhawara baki da baki, Jitsi Meet ta fi dacewa da shi; ita ma buɗaɗɗiya ce, a burauza take aiki.

Na ce zan dawo kan tambayar Wayland. Allon kwamfuta ɗakin sirri ne. Saƙon iyali na iya faɗowa tsakiyar darasi, ko sanarwar banki, ko jadawalin sakamakon ɗalibai da sunayensu, ko takarda mai lambar NIN ta wani. Abin da ya fita kai tsaye ba ya dawowa, wani ya riga ya ɗauka. Najeriya na da dokar kare bayanan mutane tun Yunin 2023, amma ko babu doka, amana ce. Zaɓi taga ɗaya tak ka nuna maimakon allo duka, kashe sanarwa, rufe duk abin da ba na darasi ba. Mafi kyau ma ka buɗe wani asusu dabam a kwamfutar, wanda babu komai cikinsa sai kayan koyarwa.

Inda ba a bukatar intanet sam

Akwai makarantun da aka ba kwamfutoci, ɗaki guda cike, amma babu majigi, ko ƙwan majigin ya mutu an rasa na canji. Malami yana bi tebur-tebur yana maimaita abu ɗaya. A irin wannan ɗaki tura allo zuwa Facebook don ya dawo wa yaran da ke zaune gabanka ɓarnar kuɗi ce. Rauta ɗaya, ko da babu layi a cikinta, ta isa ta haɗa na'urorin. Manhajar Veyon, wadda Bajamushe Tobias Junghans ya rubuta, tana aiki a Linux da Windows, kuma da dannawa ɗaya allon malami zai bayyana a gaban kowane ɗalibi, shi ma yana ganin nasu. Ba a kashe ko kobo na data. Ga cibiyar da ke horar da yara jarrabawar JAMB, wannan ya fi yaɗawa ta intanet amfani, kuma shi ya kamata a fara kafawa.

Ko kana kan iska, sa OBS ta riƙa naɗa a faifanka lokaci guda. Zaɓi nau'in fayil na mkv, domin in wuta ta ɗauke ko na'ura ta mutu, abin da aka naɗa yana nan, mp4 na gargajiya kuwa kan lalace gaba ɗaya. Daga baya OBS na iya juya shi zuwa mp4 cikin ɗan lokaci. Wannan naɗi ba na ado ba ne. Tun Fabrairun 2025 Facebook ke goge bidiyon kai tsaye bayan kwana 30. Kuma ɗalibai da yawa ba za su taɓa kallon ka kai tsaye ba, ta Xender ko katin memori darasin zai same su, daga wayar aboki ko shagon masu tura fina-finai. Fayil mai megabait 400 na iya zaga unguwa ba tare da kowa ya sayi data ba.

Kafin ka sanar da ranar darasin farko, yi gwajin minti 10 a ɓoye, a YouTube ka sa shirin a matsayin wanda sai mai adireshi ke gani. Tura wa mutum biyu, ɗaya a cikin garin Gumel, ɗaya a ƙauyen da sabis ya fi rauni cikin waɗanda kake son kaiwa, ka ce na ƙauyen ya karanto maka layin ƙarshe na shafin ta waya. In ya kasa, ƙara girman rubutu ka sake gwadawa.